Takardar da Na Rubuta a Kan Yayata

Mu uku innarmu ta haifa, na tsakiya bai yi rai ba, sai ya zama daga ni sai yayata. Ta girme ni da shekara goma sha ɗaya. Ita ta goye ni, ita ta ƙarasa renona bayan inna ta kwanta ciwon da ba ta tashi ba. Da aka turo mijinta garin Tawa koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ta ce ba ta barina kudu a hannun dangi. Ta ɗauko ni da ƴar jakar tufafina muka hau mota tare. Haka na zama ɗan Tawa.

Mijin nata ya rasu ana saura kaɗan a samu mulkin kai. Kowa ya ɗauka za ta tattara ta koma gida, tunda ba ta da ɗa, ba ta da gona a nan. Ta ce ita ƙasar Adar ta yi mata, da duwatsunta da rijiyoyinta masu zurfi, kuma in ta tafi wa zai riƙa share kabarin? Ta sayi keken ɗinki irin na juyawa da hannu, ta kuma gaji keken hawa na marigayin. A lokacin ban san wata mace a garin da ke hawa keke ba. Wandon mijinta take sawa, ta ɗaura zane a kai, ta bi ta gaban kasuwa tana buga ƙararrawa tana yi wa mahauta ba'a, su ma suna ramawa.

Mu Kirista a Tawa ba mu cika gida goma ba. Malaman lakwal ne, da masu aikin likita, da direba ɗaya, kusan duka daga kudu. Majami'armu ɗaki ɗaya ce ta ƙasa, benci shida a ciki. Ba mu da fasto namu. Mai bishara ke jan sujada ranar Lahadi, wani dattijo mai sanyin murya. Fasto mai naɗi daga kudu yake zuwa, sau biyu a shekara, bayan girbi da lokacin Ista, kuma shi kaɗai ke da ikon ba da jibin Ubangiji. Saboda haka ranar jibi babbar rana ce a wurinmu. Yayata tun ana saura mako take shiri. Ta bi duk wanda suka saɓa ta nemi gafara, har da maƙwabciyarmu da akuyarta ke cinye mata rama.

Ba ta iya karatu sosai ba, amma ta haddace Zabura da yawa daga bakin mijinta. Addu'arta kuwa ba irin tamu ba ce. Ba ta rufe ido. Tana cikin tankaɗe ko wanki sai ka ji ta fara magana da Ubangiji kamar yana zaune a kan turmi, ta gaya masa wance ba ta da lafiya, ta tuna masa ya yi alkawari, wani lokaci har da ɗan ƙorafi. In ta ɗora keken ɗinkinta a motar kasuwa ta nufi ƙauyen Afala ko Bambeye, sai ta yi kwana huɗu ko biyar ba mu gan ta ba. A gidajen Musulmi take sauka, cikin mata. Ta ɗinka rigunan jarirai, ta yi wa tsofaffi faci, ta taya daka tana rera waƙoƙinmu na majami'a da karin waƙar daka. Ta dawo da cuku daga wurin matan Buzaye da ƴan kalmomin harshensu, tana gwada su a kaina. Dattawan ikilisiya sun daɗe suna gunaguni a kan wandon da kan yawon, amma gunaguni ne na gindin bishiya. In ta zo ta durƙusa ta gaishe su ta sa su dariya, shi ke nan.

Ni kuwa na gama firamare, na samu satifika, aka ɗauke ni buga takardu a biro, wato ofishin aikin gona. Shekarata ashirin da ɗaya. Na sayi farin wando da takalmi mai igiya, ina jin kaina. Tun daga ranar ta laƙaba mani Mushe Biro, wato Malam Ofis a Faransancinta, ko a gaban baƙi haka take kirana.

Shekara uku ko huɗu bayan mulkin kai, ruwa ya ɗauke bayan an yi shuka. Hatsi ya kai gwiwa ya tsaya, ganyensa ya nannaɗe. Shugabana a biro ya ce in raka shi zagayen ƙauyuka in rubuta abin da muka gani. Da hantsi muka shiga Bambeye, sai direba ya taka birki, don mata sun cika hanya. Roƙon ruwa suke yi irin nasu na mata. Sun sa manyan riguna na mazansu da huluna da malafa, wasu har da rawani, tsofaffi a gaba, suna kiɗa ƙwarya suna waƙa suna nufar rijiya. Abin da na ji ana faɗa shi ne, suna yin haka don a ga daga sama cewa wahala ta kai har duniya ta juye, a tausaya.

A tsakiyarsu na hango yayata. Babbar riga shuɗiya a jikinta tana jan ƙasa, malafa a kanta, bakinta buɗe da waƙa. Shugabana ya san ta, don ta taɓa yi wa iyalinsa ɗinki. Ya yi dariya har da buga cinya, ya ce ashe dai mutanen Lahadi sun dawo hanya, sai dai sun shigo ta ƙofar mata. Ba da mugunta ya faɗa ba, mutum ne mai barkwanci. Direba ma ya kama dariya. Ita kuma ta gane motar, ta ɗaga mani hannu da murna. Na kawar da kai na dubi takardun da ke kan cinyata.

Abin da aka koya mana tun muna yara a fili yake. In ɗan'uwanka ya yi abin da ka ga ba daidai ba, ka je ka same shi ku biyu. In bai ji ba ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Sai duk wannan ya ci tura ake kai wa ikilisiya. Na san wannan sarai. Amma washegari da tsakar rana, da kowa ya fita cin abinci, na sa farar takarda a mashin ɗin biro na buga wa dattawan ikilisiya wasiƙa. Na sa kwanan wata a sama kamar yadda muke yi wa takardun gwamnati, na jera abin da na gani, na sa hannu a ƙasa. Har yau ina tuna daɗin da na ji da na ga babu kuskure ko ɗaya a cikin bugun. Na gaya wa kaina kishin addini ne. Ba shi ba ne. Dariyar mutum biyu ce a cikin mota.

Da na miƙa wa mai bishara, ya karanta a tsaye. Ya tambaye ni ko na yi magana da ita. Na ce ba ta dawo ba tukuna. Ya ce da baki na kawo masa, da ya kira ta sun zauna su kashe maganar kafin rana ta faɗi. Amma takarda mai sa hannu, a ƙa'idarmu, dole a karanta ta gaban dattawa, kuma abin da aka karanta dole a yanke masa hukunci. Ya miƙo mani ita kaɗan, kamar yana ba ni dama in karɓe. Na sa hannuwana a aljihu.

Ba zan ɗora wa dattawan laifi ba. Babbansu daga gidan masu tsafi ya fito, ya ga abin da ake zubawa a bakin rijiyoyi da gindin tsamiya tun yana yaro, kuma ya bar gidan ubansa saboda wannan. Tsoronsa na gaske ne. Da suka kira ta ya tambaye ta ko ta san Attaura ta hana mace sa kayan namiji. Ta ce rigar mai gidan da ta sauka ce, ita ta ɗinke mata aljihu, ai dole ta gwada ta ga ko ɗinkin ya zauna. Babu wanda ya yi dariya. Sai ta gyara zama ta ce ba a yanka komai ba, ba a zuba komai ba. Matan da ta ci tuwonsu kwana huɗu ne suka fita suna kuka ga Allah saboda hatsin ƴaƴansu, ita kuwa ba ta iya zama a ɗaki tana juya keke ba. Abin da suka roƙa shi ta roƙa, da sunan da ta sani.

Suka sa ta a horo. Mai horo a wurinmu bencin baya yake zama, shi kaɗai, kusa da ƙofa. Ba ya ba da waƙa, ba ya addu'a a gaban jama'a, kuma ba ya cin jibi. Zai fita ne ranar da ya tashi a gaban ikilisiya ya ce ya yi zunubi ya tuba. Ruwa ya sauko bayan kwana tara, wasu gonakin sun tashi, wasu sun riga sun ƙone. Ba ta taɓa cewa roƙonsu ne ya kawo shi ba.

Na zaci za ta yi fushi ta daina zuwa, ko ta daina yi mani magana. Ko ɗaya ba ta yi ba. Ita ke fara isa majami'a ranar Lahadi, ta share ɗakin duka, ta goge bencinta ta zauna. In ana waƙa za ka ji muryarta ƙasa-ƙasa daga baya, tana riƙe mana karin, don in ba ita duk mukan ɓace a baiti na biyu. A gida kuma tuwona yana nan a rufe kamar kullum. Wannan ya fi mani zafi a kan zagi.

Fasto ya zo bayan girbi. Aka bi benci-benci da gurasa, aka tsaya a na biyar aka juyo. Da muka koma gida na same ta a inuwar zaure tana ɗinki, na ce, "Yaya, ki tashi ki ce kin tuba mana. Kalma biyu ce, a wuce wurin."

Ta ci gaba da juya keken. Sai da ta kai ƙarshen layin ta cije zaren, sannan ta ce, "Mushe Biro, in na tashi na ce na yi zunubi, zuciyata kuwa ba ta ce ba, da wane baki zan ci gurasar? Yunwarta nake ji, kai ba ka sani ba. Amma ba ni cin ta da ƙarya."

Bayan wannan mai bishara ya tare ni a hanyar biro. Ya ce akwai wata ƙofa. Wanda ya kawo ƙara, in ya tashi a gaban jama'a ya ce ya tsallake ƙa'ida, bai je wurin ƴar'uwarsa ba kafin ya rubuta, to ƙarar ta faɗi, horon ma ya faɗi. Ya ce dattawan kansu za su ji sanyi, don babu wanda ke jin daɗin ganinta a can baya. Na ce zan yi tunani.

Na yi tunani shekara ɗaya da rabi. A lokacin an ba ni riƙon littafin ikilisiya saboda na iya rubutu, kuma ina neman auren ɗiyar babban dattijon. Na ce bari a ɗaura aure tukuna, kada in kunyata surukina. Yayata ce ta ɗinka kayan amarya, ita ta kwana uku tana hidimar girki, kuma ranar ɗaurin auren daga bencin baya ta yi guɗa. Ista ta zo ta wuce. Na ce bari a gama damina. Girbi ya zo, fasto ya zo ya koma. Kowane karo ina da dalili, kuma kowane dalili a lokacinsa yana kama da hankali.

A Ista ta biyu ne na waiwaya. Ban san abin da ya sa ba, don na saba kafe idona a kan bango. Ana raba gurasa, ita tana zaune ta buɗe tafin hannuwanta biyu a kan gwiwoyinta, idonta a rufe ruf. Tunda nake ban taɓa ganin ta rufe ido a addu'a ba.

Ko a nan ban tashi ba. Fasto yana nan a gabanmu, tebur a shimfiɗe, da na miƙe a wannan lokacin da ta ci a ranar. Na ce bari mutane su ragu, bari in tsara abin da zan faɗa. Fasto ya hau mota ranar Litinin.

Sai da aka yi ruwan fari na tashi, wata Lahadi da ba mu fi mutum goma sha biyar ba. Na rubuta jawabi a takarda, amma da na miƙe na kasa karanta shi. Na ce na yi wa yayata laifi, na rubuta a kanta ban tambaye ta ba, kuma ba don Allah na rubuta ba, don an yi mani dariya ne. Surukina ya sunkuyar da kai. Mai bishara bai jira an yi shawara ba, ya taka da kansa har baya ya kamo hannunta. Ta taso tana gyara ɗankwali, ta ce wa matan bencin gaba su matsa, ta ga sun yi ƙiba a bayanta.

A gida na durƙusa a ƙofar ɗakinta. Ta bar ni a durƙushe ɗan lokaci tana tsince wake.

"Tsakanin ɗakina da naka taki nawa ne?" ta ce.

Na ce bai kai goma ba.

"To mi ya kai ka biro neman mashin?"

Na ce kunya ce ta kama ni a gaban shugabana. Ta ce ai ta sani, ta ga ƙeyata ta tagar mota. Ta ce ta yafe tun ranar da aka karanta takardar, abin da ya rage jira take in gaji da ɗaukar kayan. Sannan ta ce in tashi haka nan, farin wandon gwamnati zai yi datti, kuma ita ce mai wanki.

Watannin nan na damina su ne na fi so in tuna. Ta koma ba da waƙa. Ta riƙa tambayar direban nan namu ko hanyar kudu ta bushe, shi kuma yana ce mata wace irin bushewa ana tsakiyar ruwa. Ta ɗinka wa teburin jibi sabon farin mayafi, ta yi masa ado da jan zare a gefe. Ta ce wa matata ranar da fasto ya zo ita za ta toya gurasar, kuma babba za ta gutsura, kowa ya yi haƙuri, bashin jibi huɗu take bi. Matata na da ciki a lokacin, yayata ta riga ta yanka ƴan riguna uku.

Hatsi ya fara fitar da kai ta tafi Afala da kekenta. Ta dawo da zazzaɓi. Ta ce ba komai, ta sha jiƙo, ta ƙi zuwa likita sai da ta kasa tashi. Kwana biyar ta yi. A rana ta huɗu na ce wa mai bishara ko zai ba ta jibin a kan gado, ko da ɗan gutsure. Ya yi hawaye ya ce ba shi da naɗi, ba a ba shi wannan ikon ba. Na buga wa fasto waya ta gidan waya, aka ce kogi ya cinye hanya, mota ba ta wucewa. Da na gaya mata ta ce kada in matsa wa tsohon mai bishara, shi ma ƙa'ida ce ta ɗaure shi. Ta ce in karanta mata Zabura, ina karantawa tana gyara mani inda na tsallake.

Mun binne ta kusa da mijinta. Mata sun zo gaisuwa daga Bambeye da Afala, wasu a kan jakuna, wasu a ƙasa. Ba su shiga majami'a ba, suka zauna a tsakar gidanmu suka karɓe daka da girki daga hannun matata har kwana uku. Wata tsohuwa ta kama hannuna ta ce ni ne ƙanen da take yawan faɗa, mai aikin biro, wanda ya iya rubutu kamar Bature. Ta ce yayata na alfahari da ni ƙwarai.

Fasto ya zo bayan girbi, mako bakwai da rasuwarta. Mu ba mu da ruwan inabi, jan zoɓo ake dafawa a tace, a zuba a ƙananan kofunan shayi na gilashi, kowa da nasa. Matar mai bishara ce ke jera su a faranti, tana bin sunayen da ke littafin ikilisiya. Littafin a hannuna yake, ni na mayar da sunan yayata ranar da aka ɗage horon, kuma ban iya sa alƙalami na soke shi ba. A ranar ni aka ba farantin in zaga da shi. Na bi benci-benci, kowa ya ɗauka, na ɗauki nawa, na komo gaban tebur da kofi ɗaya cike.

Fasto ya duba, ya tambaya a hankali ko an tsallake wani. Mai bishara ya matso ya raɗa masa a kunne. A al'adarmu abin da aka yi wa addu'a a teburin nan ba a zubar da shi, wanda ya raba shi ke shanye saura. Fasto ya ɗauki kofin ya miƙo mani. Na karɓa, ya ɗan ɗiga a kan rigata. Na tsaya da shi a gaban mutane, ban san iya lokacin da na ɗauka ba, su kuma suka jira ni. Sannan na sha.